Buhunan Fitalik

A masana'antar fenti kowa Kuku yake ce masa, tun daga manaja har mai gadi, alhali ko shayi bai iya haɗawa ba. Aikinsa ne ya ja masa sunan. Shekara ashirin da biyu ya yi yana dafa ƙaron fenti a tukunya ta uku, wata shirgegiyar tukunyar ƙarfe da sai an hau matakala goma sha ɗaya kafin a leƙa bakinta. Ƙaron nan shi yake riƙe launi a jikin ƙofa ko bango, in babu shi fenti ruwan kala ne kawai. Kuku yana da difloma a ilimin sinadarai, kuma ba ya bari a manta.

Dahuwar ba ta da wuyar faɗa. A zuba mai da gilisarin a dafa har su saje. Sannan a buɗe murfi a juye buhunan fitalik, wato fitalik anhaidiraid, wani farin ɓarɓashi kamar sabulun da aka kankare. A ɗaga wuta ta kai digiri ɗari biyu da arba'in, a zuba ido. Ruwa zai riƙa fita ta bututu, ƙaro yana yin kauri. Duk rabin awa Kuku yakan ɗebi kaɗan ya kai ɗakin gwaji, ya narkar, ya riƙa ɗiga masa ruwan gwaji har ya juye ruwan hoda, ya rubuta lambar asid. Lambar sauka take yi, in ta kai goma a kashe wuta. Aka yi sakaci na minti ashirin, tukunyar gaba ɗaya ta daskare ta zama roba, sai an kawo ƙarti da guduma sun yi mako suna sara. Ko sau ɗaya tukunya ba ta taɓa daskarewa a hannunsa ba. Wannan ma ba ya bari a manta.

Duk wanda ya yi gangancin tambayarsa me ya sa sai fitalik, to ya jawo wa kansa lacca. Nan take zai zaro alƙalami ya zana a bayan buhu.

"Ka ga wannan? Asid ne mai hannu biyu. Aka gasa shi aka fitar masa da ruwa, hannuwan suka kama juna suka zama zobe. Zoben nan a takure yake, abin da zai buɗe shi kawai yake nema. Ya gamu da gilisarin, ya buɗe ya cafke, ɗaya hannun ya cafki wani, haka haka har a samu sarƙa. Sarƙar ita ce ƙaro. In kuwa da ruwa ya gamu, shi ke nan, ya buɗe ya koma asidinsa na da, lami, ba ya cizon kowa. Ruwa ne ajalinsa."

Da wannan maganar ya kai buhunan gida.

Matarsa tela ce, shi ma Tela yake kiranta tun suna sabon aure. Keken ɗinkinta yana ɗakin gaba, jikin taga, inda haske ya fi sauka. Yara sun girma sun watse, ɗinkin kaya kuma ya ja baya tunda kayan kanti suka cika kasuwa. Wata rana mai sayar da kayan miya a bakin layinsu ta tambaye ta ko za ta ɗinka mata rumfar da za ta tare ruwan sama. Tela ta tuna da buhun da mijinta ya taɓa naɗo takalmansa a ciki: saƙa mai ƙarfi, ga leda a ciki, ko da almakashi sai an dage. A bayan masana'anta kuwa tsibi ake yi da su, sai a ƙone.

"Malam, ba ya cutarwa dai ko?" ta tambaya.

"Ke dai ki wanke. Ruwa ne ajalinsa."

Ta wanke na farkon kamar yadda ya ce. Sai dai ledar ciki tana riƙe ruwa, kwana biyu ba ta bushe ba, allura tana laƙewa, ƙasan keke ya fara tsatsa. Sai ta yi dabarar da duk mai hankali zai yi. Ta riƙa farke buhun a bushe, ta kakkaɓe shi a tsakar gida, ta yanka, ta ɗinka, in rumfa ta kammala ta wanke ta gaba ɗaya. Ai dai an wanke. Kuku ya sha dawowa ya tarar da ita cikin kakkaɓa, gashin idonta fari fat.

"Tela, daga fitata da safe har kin tsufa?"

"Zama da kai ai dole," in ji ta, tana dariya tana atishawa.

Rumfunan suka karɓu. Masu tebur suka yi ta zuwa, da mai gyaran waya, da mai kiwon kaji. Duk yamma Kuku yakan ɗauro buhu ashirin a bayan babur, yana jin kansa mutumin kirki wanda ya samar wa iyalinsa sana'a daga bola. Shekara uku ana haka.

Atishawa ta koma mura da ba ta warkewa. Mura ta koma tari. Daga baya in tana numfashi sai a ji wani siririn kuka a ƙirjinta kamar an rufe kyanwa a akwati. A asibitin unguwa aka ce asma ce, aka ba ta inhela, ɗan abin nan da ake fesawa a baki. Yayanta, tsohon direban babbar mota da bai taɓa jure laccar surukinsa ba, ya zo dubiya ya yi tsaki.

"Asma a shekara arba'in da bakwai? A danginmu babu mai ita. Ku dai bincika."

"Yaya, ai asma ba ta tambayar shekaru," in ji Kuku, ya kuma ɗauko bayani har sai da Yaya ya duba agogo.

Gaskiyar ta same shi ne wata Talata da hantsi a ɗakin gwaji. Mai gwajin kala ta ture wata 'yar kwalba ta sinadarin amin, ya malale a kan tebur ya tarar da ɓarɓashin fitalik da Kuku ya auna ya ajiye. Kafin ya kai hannu, ɓarɓashin ya narke ya yi danƙo, da ya taɓa takardar ya ji ta da ɗumi. A ruwan sanyi fitalik yakan daɗe yana yawo bai buɗe ba. Amin kuwa ko sallama ba ya jira. Kuku ya san wannan. Ya taɓa amsa shi a jarrabawa ya cinye makin duka. Ya kuma san cewa tsokar ɗan Adam, da maƙogwaro, da huhu, cike suke da irin waɗannan hannuwa na amin. Abu biyun nan sun shekara ashirin da ɗoriya a kansa, kowanne a ɗakinsa, ba su taɓa gaisawa ba sai ranar.

Ya tafi ofishin sito ya zaro takardar da take zuwa da kowace mota, wadda ya sa wa hannu sau ɗaruruwa bai karanta ba. A shafi na biyu aka rubuta, ba da wani ɓoye-ɓoye ba, cewa shaƙar ƙurar tana iya haddasa asma. Ya daɗe a tsaye da takardar a hannu, har mai sito ya tambaye shi ko lafiya.

Mutumin da ya iya yi wa mai gadi laccar awa guda a kan zobe, ya je gida ya kasa faɗin jimla ɗaya. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Kamfani ya hana ɗaukar buhu." Ya tattara ragowar da ke bayan ƙofa ya ce an ce a mayar. Tela ta yi ta mita, ga rumfa huɗu da ta yi alkawari, ga mutane za su ce ta yi musu wasa da hankali. Ya ba ta haƙuri a madadin kamfani, har da taya ta zagin manaja. A ransa ya ce tunda an cire buhu, ciwo zai tafi da kansa, to mene ne amfanin tayar da magana? Tsoro ne kawai, amma ya yi masa ado ya kira shi hikima.

Ciwon bai tafi ba. Ya ɗan lafa, sannan ya sake salo. Da rana tana lafiya. Kuku zai dawo da yamma, ya ajiye babur, ya zauna ta kawo masa ruwa, kafin rabin awa kyanwar nan ta fara kuka. Ranar Lahadi da ba ya zuwa aiki, har waƙa take yi a bakin keke. Shi da ya saba bin lamba tana hawa tana sauka, bai buƙaci a nuna masa ba. Shi ne yake kawo abin, a gashinsa, a ɗinkin rigarsa, a ƙarƙashin farcensa.

Ya fara wanka a wurin aiki. Ya ware kayan tafiya gida a leda daban. Wata Asabar ya aske gemun da ya shekara goma sha biyar yana taƙama da shi.

"Ikon Allah," in ji Tela. "Malam, ka koma kamar ɗan makarantar da aka kora. Me gemun ya yi maka?"

"Zafi ne."

"Shekara goma sha biyar ba ka ji zafin ba sai bana?"

Ya yi dariyar yaƙe ya fita tsakar gida. Haka ya yi ta kewaye-kewaye wata bakwai, yana kallon matarsa tana ramewa, ƙashin wuyanta yana fitowa, inhela tana ƙarewa kafin lokacinta. Ta daina hawa matakalar gidan maƙwabta. Ta riƙa cewa ƙila sanyi ne, ƙila tsufa ne, ƙila wani abu ta ci. Duk wanda ta faɗa sai ya ce ƙila.

Ranar da abin ya ƙwace, ya taso aikin rabin yini ne cikin sauri, ya manta ya shigo da jakar aikinsa har ɗaki. Tela ta ɗauka za ta rataye, ta ga ta yi ƙura, ta buga ta da tafin hannu sau biyu. Kafin ya fito daga banɗaki tana durƙushe tana riƙe da ƙafar keke, leɓɓanta sun yi shuɗi, bakinta a buɗe amma iska ta ƙi shiga. Maƙwabci ne ya kai su babban asibiti a motarsa.

Kwana biyu tana kan gado da abin iska a fuska. A rana ta uku likitar ƙirji ta zo, wata mace mai tabarau da ba ta ɓata magana. Yaya yana zaune a kujera, Kuku yana tsaye a ƙarshen gado. Likita ta tambayi Tela sana'arta, ta tambayi me take ɗinkawa. Da ta ji zancen buhu sai ta juyo.

"Maigida, a ina kake aiki?"

"Masana'antar fenti."

"Buhun mene ne?"

"Fitalik anhaidiraid."

Likita ta ajiye alƙalami. Ta dube shi ta saman tabarau, ta sassauta murya irin yadda ake yi wa wanda ba a sa ran zai gane. "To, bari in yi maka bayani a sauƙaƙe. Wannan garin da kuke ɗauka kamar gishiri ne, ku ma'aikata ba a cika gaya muku ba..."

Da ta zage shi, da ya jure. Amma a ɗauke shi lebura mai juye buhu, a gaban Yaya? Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Likita, ai ba sai kin sauƙaƙa ba, ni ne mai tukunya. Zobe ne. In ya shiga huhu yakan buɗe ya kama amin ɗin da ke jikin furotin. Furotin ya sake kama, jiki ya ɗauke shi baƙo, ya haɗa masa runduna. Daga nan ko kaɗan aka shaƙa sai hanyar iska ta tsuke."

Ya faɗe shi tsaf, babu gargada, da ma a jarrabawa ne da ya sake cinye makin. Sai da ya rufe baki ya ji shirun da ɗakin ya yi.

"Haka ne," in ji likita. "Tun yaushe ka san wannan?"

Tela ta ɗaga hannu ta janye abin iskar daga bakinta. Muryarta a shaƙe take, amma kowa ya ji.

"Tun ranar da kamfani ya hana buhu." Ta ja numfashi. "Ko ba haka ba, Malam?"

Yaya ya miƙe tsaye, ya dubi surukinsa daga sama har ƙasa, ya koma ya zauna.

Likita ta gama nata aikin. Jiki ba ya manta wannan abu, in ji ta. Ƙurar da sikeli ba zai iya aunawa ba ta isa ta dawo da ita kan gadon nan, wataƙila kuma ba za a yi sa'a irin ta yau ba. Ko dai maigida ya bar wannan aikin a kuma tsabtace gidan ciki da waje, ko ita ta bar gidan. Ta ce su dawo tare bayan mako biyu, akwai sauran abin da za ta gaya musu su biyun.

Daga asibiti gidan Yaya aka wuce da ita.

Kuku ya je wurin manaja ya roƙi a mayar da shi sashen lodi, can nesa da tukwane. Manaja ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. "Kuku, in ka tafi lodi wa zai dafa? Kuma sabon ƙaronka fa? Shekara biyu kana damuna da shi, yanzu da aka ba ka tukunya ka gwada za ka gudu?"

Nan aka taɓa masa inda yake masa ƙaiƙayi. Shekara biyu yana gwada wani haɗi a ƙaramar kwalba, fitalik da ɗan maleyik, wani zoben da ya fi shi zafin rai. In an dace, fenti zai bushe a awa huɗu maimakon yini. In an kuskure, maleyik zai daskarar da tukunya kafin a ƙifta ido. Babu mai iya tsayawa a kan wannan wuta sai shi. Ya ce wa kansa mako uku ne kawai, kuma ai tana gidan yayanta, babu abin da zai same ta. Ranar komawa asibiti ta faɗo daidai ranar dahuwar gwaji ta farko. Ya aika wa Yaya saƙo cewa aiki ya riƙe shi. Mako uku suka zama shida.

Duk Lahadi yakan yi wanka sau biyu, ya sa kayan da ba su taɓa ganin masana'anta ba, ya tafi gidan Yaya. A bakin ƙofa ake tsayar da shi.

"Tsaya nan, inda iska take kaɗawa waje," Yaya yakan ce. "Kai ne masani, ka fi ni sanin dalili."

Tela takan zauna a kujera daga ciki, taku biyar tsakaninsu. Ta yi ƙiba kaɗan, fuskarta ta dawo. Ganin haka yana faranta masa rai yana kuma ƙona shi, don ya san rashinsa ne ya yi mata magani. A Lahadi ta huɗu ya tattaro ƙarfin hali ya ce ta yafe masa.

"Buhun ban riƙe ka da shi ba," in ji ta. "Ni na roƙa, ni na ƙi wankewa. Wata bakwai ɗin nan ne ya tsaya mini a wuya. Ina cewa sanyi ne kana cewa ƙila. Malam, kana kallona fa."

Ya sunkuyar da kai.

"Ni dai gidana nake so. Na gaji da zama baƙuwa, ina tambaya kafin in taɓa cokali. In ka bar aikin ka gyara gidan, zan dawo. Sauran maganar ma yi ta a hankali."

Sabon ƙaro ya yi kyau fiye da yadda ake zato. Ya sauka a lamba takwas, garau kamar zuma, ya bushe a awa huɗu cif. Kamfani ya sa masa suna ya buga a gwangwani, Kuku ya miƙa takardar ajiye aiki. Aka yi masa ɗan taro a kantin cin abinci, manaja ya yi jawabi ya ce ba za a sake samun irinsa ba, aka tafa. Kyautar sallama kuwa bokiti biyu ne na sabon fentin, aka ce ya zaɓi kala. Ya zaɓi shuɗi mai haske, irin wanda Tela take so.

Ya shiga gyaran gida kamar mai neman gafara da hannu. Ya fitar da katifa da labule da tabarma ya ƙone. Ya wanke daɓe sau uku. Ya kwance keke ya goge kowane ƙarfe da burushin haƙori, ya sa masa mai. Da ya zo kan bango sai ya tsaya. Bangon yana da kaushi, ga tsaga, ga silin na katako. Ƙurar shekara uku tana cikin waɗannan ramuka, kuma tsumma ba zai kai gare ta ba. Abin da ba a iya cirewa ai sai a rufe shi. Ya dubi bokitan nan biyu.

Ba da ka ya yi ba, wannan karon ya yi tunani. Ya zauna ya bi lissafin tun daga farko. A cikin ƙaron da ya dahu babu sauran zobe, duk sun buɗe sun kama gilisarin sun shiga sarƙa. Shi ya dafa, shi ya auna, lamba takwas. Ko ɗigo ɗaya na fitalik babu a sake. Kuma gaskiyarsa ce, duk wani masanin sinadarai zai sa masa hannu a kan haka.

Ya shafe bango da silin, ya shafe ƙofofi da tagogi. Da ya ga akwai ragowar fenti, ya shafe teburin keke ma don ya dace da ɗakin. Ya bar tagogi a buɗe kwana goma sha biyu. A rana ta ƙarshe ya zagaya ɗaki ɗaki yana shinshinawa, bai ji komai ba. Ya aika a gaya wa Yaya gida ya gyaru.

Da hantsi suka iso a tsohuwar motar Yaya. Tela ta fito da jakarta a hannu, ta tsaya tana kallon ƙofar gidanta, idonta ya kawo ruwa. Kuku ya karɓi jakar. Ta cire takalmi ta shiga. Taku ɗaya, biyu, ta tsaya.

"Malam, fenti ka yi?"

"Kada ki damu, babu fitalik a ciki ko kaɗan. Duk ya shiga sarƙa. Ni na auna da hannuna, lamba takwas..."

Hannunta ya riga ya kai ƙirji. Ta ja da baya tana laluben inhela a gefen zaninta, kafaɗunta suna ɗagawa. Yaya ya riƙo ta ya fitar da ita waje ya zaunar a bakin mota. Ta fesa sau biyu, ta jira, ta sake fesawa. Siririn kukan nan ya cika layin.

"Kai wane irin mutum ne?" Yaya ya juyo kan Kuku. "Tun daga bakin titi nake jin warin! Likita ta ce huhunta ya riga ya ji rauni, yanzu ba garinku kaɗai ba, turare, hayaƙi, kananzir, warin fenti, duk tayar mata suke yi. Fenti ma ta fara ambata, ta ce wata da watanni yake yi yana fitar da wari. Da ka zo ranar da aka ce ka zo, da ka ji da kunnenka."

"Babu wari," in ji Kuku. "Na shinshina."

"Da wane hancin? Wanda ka shekara ashirin da biyu kana gasawa a bakin tukunya?"

Aka ɗauki lokaci kafin numfashinta ya daidaita. Ta ɗago ta leƙa ɗakin ta ƙofar da ke buɗe, bango yana sheƙi, haske yana sauka a kan keke. Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

"Ya yi kyau," ta ce a hankali. "Kalar ta yi kyau." Sannan ta juya. "Yaya, a ɗauko mini kekena."

Yaya ya shiga yana toshe hanci da hula. Ya taɓa teburin ya ga shi ma shuɗi ne, ya yi tsaki, ya koma mota ya ɗauko sukudireba. Ya kwance kan keken ya rungumo shi, ya bar teburin da rami a tsakiya. Kuku ya miƙa jakar da har yanzu take hannunsa, aka karɓa aka sa a bayan mota. Ya buɗe baki zai ce wata uku, ko huɗu, warin zai tafi, zai iya lissafa ranar. Tela ta dube shi ta gilashin mota, sai ya haɗiye lissafin.

Da motar ta sha kwana ya koma ciki ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Ya rufe ido ya ja iska da ƙarfi, yana neman ko ɗan abin da ya kore ta, ko da ƙaiƙayi ne a maƙogwaro. Ya sake ja har haƙarƙarinsa ya buɗe. Iskar ta shiga sumul ta fita sumul. Lafiyarsa ƙalau.